Rigar Auta

Yayana tela ne, shekara talatin yana taka keke a shago ɗaya, ni kuma ina gefensa ina ɗinka maɓallai. Mutumin kirki ne, amma akwai halinsa da har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci: bai taɓa yi wa 'ya'yansa ɗinki daidai jikinsu ba.

Idan na mutane ne, awo ɗaya zai yi, riga ta zauna ɗas. Idan na 'ya'yansa ne kuwa, sai ya ƙara yatsa huɗu a kafaɗa, ya yi kalmasa mai kauri a ƙasa, wai za su girma su cike. Kafin su cike, yadin ya koɗe, gwiwar hannu ta fashe.

Autarsa ce kaɗai ke yi masa ƙorafi. Tana da shekara goma sha biyu, ga baki. "Baba, ni fa kamar buhu nake a ciki," in ji ta. Shi kuma allura a baki zai ce, "Baɗi za ki gode mini."

Sai ciwo ya shiga jininta. Aka ba ta gado a asibiti, kusa da taga. Ranar da likita ya ja mu gefe ya yi mana bayani cewa da wuya ta kai baɗi, Yaya farcensa kawai yake kallo. Da muka koma ɗakin ya tambaye ta abin da take so. Ta ce riga shuɗiya, daidai ita, ba ta baɗi ba.

Ya auna ta a kwance, ya rubuta awon a bayan takardar magani. Na ɗauka washegari zai kawo. Ina! Yau ya ce akwai kayan mutane a gabansa, gobe ya ce yadin bai yi masa ba. Na fi kowa sanin gaskiya: ya kasa sa almakashi ne, don a wurinsa yanka riga babu ƙari daidai yake da yarda da maganar likita. Ranar nan na kasa haƙuri, na ce, "Yaya, wallahi kana cutar yarinyar nan. Kai kana jiran baɗi, ita tana jiran riga."

Sati uku ya ɗauka. Ya yanka a kan awon, ko ɗigo bai ƙara ba. Amma a sati ukun nan Auta ta rame ta zube. Da muka sa mata, kafaɗar ta sauko har damtse.

"Wannan ma ta yi yawa, Baba," ta ce, ba da fushi ba.

Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa lokaci ɗaya irin na ranar ba. Ya zauna a bakin gadon, ya zaro allura daga aljihu, ya shiga rage rigar a jikinta da hannu, a hankali don kada ya soke ta. Har rana ta bar tagar yana yi.

Da ya ciza zaren ta ce, "Goggo, ba ni madubi." Na riƙe mata. Ta daɗe tana kallo, ta shafa kafaɗarta, ta ce, "Ashe haka nake."

Kwana huɗu ta yi a cikinta kafin Allah ya yi mata rasuwa, ko don wanki ba ta yarda an cire ba.