Gyadar da Iya Ta Binne

A kakar shekarar da na shiga aji uku a Roni, wata Laraba da hantsi, na tsaya bayan Baba a rumfar awo ina riƙe da igiyar jakinmu. Malamin duba gyada, wani dogo mai gajeren wando, yana bin buhuna da ƙarfe mai rami. Sai ya soka, ya zazzage a tafin hannu, ya sinsina, ya fasa ƙwaya da haƙori. Buhun da bai gamshe shi ba jan fenti yake shafa masa, kuma wanda aka shafa wa ba ya hawa motar Kano, balle jirgin ruwa zuwa ƙasar Turawa.

Tsoronmu da dalili. Ruwan ƙarshe ya doki gyadarmu tana shanye a kan dutsen bayan gida, ta yi fumfuna. Gidan gaba ɗaya muka duƙufa tsinta. Mu yara muka bar langa, daga makaranta sai bakin tabarma, muna ware baƙa da motsattsiya a ƙwarya har idanunmu suka yi ja. Da malamin ya iso kanmu, gindin buhu ya soka, inda mutane kan ɓoye ɓatacciya. Ya daɗe yana taunawa, Baba yana jan carbi. Can ya ce, "Wa ya tsince maka?" Baba ya ce, "Iyali ne, ranka ya daɗe." Ya wuce bai taɓa fentin ba.

Ashe da sauran magana a gida. Mun tarar Inna ta ɗora kasko za ta soya wadda muka ware, ta yi mai da ƙuli-ƙuli kamar yadda kowane gida yake yi, tana cewa ai wuta tana kashe komai. Iya, mahaifiyar Baba, ta fito da sandarta.

"Abin da aka ce bai dace da cikin Bature ba, shi za ki ɗura wa jikokina?"

Inna ta ce, "Iya, to miyar bana fa?"

Baba ya sunkuyar da kai. Iya ta ɗauki fartanya ta haƙa rami bayan rumbu, ta juye gyadar, ta danne da dutse don kada awaki su tona. Shekarar nan miyar kuka ba mai muka sha, kuma mun ji haushin tsohuwar ƙwarai.

Sai da na girma, fatauci ya kai ni tashoshin ruwa daga Kwatano har Marseille, na ji da Faransanci da Turanci cewa dafin fumfunar nan wuta ba ta kashe shi, hanta yake ci a hankali. Yau riɗi da zoɓon da ake lodi a Babura sai an gwada su a ɗakin bincike kafin su ƙetare. Amma har yanzu nakan ga tsintacciyar gyada a kasuwa, masu yin mai suna rububinta. Kayan da ake fitarwa waje suna da mai duba su. Na gida kuwa Iya ce take dubawa, kuma ta daɗe da rasuwa.