Leshin da Ya Cinye Rumfar Innata

Lokacin ina budurwa, ba ni da aiki sai karanta littattafan soyayya a rumfar atamfar Innata da ke kasuwar Bagudo. Wata ranar kasuwa, gab da shigowar korona, wani ɗan kasuwa daga Benin ya warware leshi ruwan hoda a gabanmu. Da rana ta haska shi, sai na hango amarya da ƙawayenta a cikinsa, kamar yadda nake karantawa. Na hana Inna sakat sai ta juye jarinta a kansa, ina ce mata bayan sallah aure zai yi yawa, kowace amarya za ta nemi anko. Kakata, wadda ke yini tare da mu a rumfar, ta yi mini tsiya wai littafi ya juya mini kai, ta ce a bar wuri ko na bandir ɗaya na farin yadi. Na yi dariya, na ce wa zai saya. Inna ta bi tawa, har akuyoyinta ta sayar ta ƙara.

Cutar na zuwa aka hana taro. Aure bai tsaya ba, amma a ɗaura ne a kai amarya shiru, ba anko ba kiɗa. Sa'o'ina da na ɗora wa rai, duk abin da suka samu sai katin waya, su sha hira da samari. Magidanta ba su san komai ba sai hatsi da sabulu. Tsofaffi ne ke zuwa rumfarmu, su sassauta murya su tambayi farin yadin da za su ajiye na likkafaninsu. Kullum Inna ta ce babu, ta nuna musu rumfar maƙwabta.

Da damina zazzaɓi ya ɗauke Kaka. Rumfarmu cike da yadi har rufi, amma wurin maƙwabta muka sayo wanda aka suturta ta da shi. Leshin kuwa, kafin a dawo da biki yayinsa ya wuce. Haka jarin Inna ya karye, ta bar rumfar.

'Yan'uwana mata, a makare na gane cewa ba a saro kaya da mafarki. Ku dubi masu zuwa rumfa, ku saurari tsofaffinku. Inna yanzu tana Kaoje, tana turara wa mutane shinkafa, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba. Bara da na je gaishe ta, na tarar ta yi labulen ƙofarta da leshin nan, hayaƙi ya cinye launinsa.