Tsagar Baba a Bakin Tekun Jidda

Jama'a, da dariya muka bar Makka yau, da kuka muka dawo!

Baba ne ya ce mu je Jidda shan iska. Muka hau babbar mota, da tabarma da tulun ruwa. Inna ta sayi kifi, tana soyawa a bakin teku. Murna kamar ranar Sallah!

Sai ga mahajjatan ƙasarmu, saukarsu ke nan daga jirgin ruwan da ya taso daga Sawakin ta Sudan. Wani dattijo ya zo neman ruwan sha. Ya kalli fuskar Baba, moɗa ta suɓuce masa!

Ya ce, "Malam, wannan tsagar ta gidanku ce?"

Baba ya ce, "Ta gidanmu ce. Mu biyu muka rage da ita, ni da ƙanena Sule. Ciwo ya tsare shi a Sudan, na ƙetaro. Shekara ashirin ina zuba ido."

Dattijon ya yi salati. Ya ce, "Tare muka taso da shi a jirgin nan. Kullum zancensa Yayansa na Makka. Jiya zazzaɓi ya ɗauke shi. Muka yi masa salla, muka sa shi a teku."

Inna lillahi!

Baba ya miƙe, ya shiga ruwa da rigarsa har gwiwa. Muka ji yana cewa, "Sule, kwana ɗaya tak ya gagare ka?"

Kifin nan, wallahi babu wanda ya iya kai shi baki.