Buhun Wake a Ɗakin Yara

Akwai ranar da ko tsufa ya kwashe mini tunani ba na jin zai iya kwashe ta, wato ranar Alhamis ɗin da na ajiye buhunan wake a ɗakin 'ya'yana. Shekaru sun ja, yaran duk sun fi ni tsawo yanzu, amma in na tuna sai in yi hamdala.

A lokacin muna zaune a Gashuwa, gidan haya, maigidana yana koyarwa a firamare, muna da 'ya'ya huɗu. Albashin malamin makaranta kuwa kun san shi, kafin ya iso ya riga ya san inda za shi. Shi ya sa na zama gwanar tattali, kuma ba na ɓoyewa, ina alfahari da abina. Sabulu sanda nake saye in yayyanka in shanya ya bushe don kada ya narke da wuri. In tumatir ya yi araha daga fadama, sai in yanka kwando guda in yi kauɗa. Kayan makaranta da girma nake sa tela ya ɗinka, a naɗe ƙafar wando, baɗi a warware. Kuɗin tara kuwa babu shi a gidana, ƙosai ko alale nake ƙulla wa kowa a leda. Maigidana har tsokanata yake, wai da ni aka ba wa baitulmali da tuni ƙasar nan ta gyaru. Maƙwabta kuma a bayan idona cewa suke na cika maƙo. Su suka sani, ni dai yarana ba su taɓa kwana da yunwa ba.

Wake shi ne ƙashin bayan girkina. Saboda haka da kaka ta yi, na sa wani maƙwabcinmu mai zuwa cin kasuwar Jakusko ya sayo mini buhu biyu tun yana araha. Sai dai a bara ƙwari sun ba ni kashi, rabin buhu suka mayar mini gari, na yi ta baƙin ciki kamar an yi mini sata. Na rantse bana ba za su ɗanɗana ko ƙwaya ba.

Akwai buhun nan mai leda a ciki da ake ajiyar wake ba tare da magani ba. Na taya, na ji kuɗin, na ce Allah Ya kyauta. Sai na wuce wurin wani mai sayar da magungunan gona, ya nuna mini wasu ƙwayoyi masu ruwan toka, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Ya ce, "Hajiya, ki naɗe a tsumma ki cusa tsakiyar buhu, ki ɗaure bakin tamau. Amma fa a sito za ki ajiye, ban da ɗakin da mutum yake kwana."

Na ce, "Na ji."

Wallahi na ji ɗin, da kunnuwana biyu. Ba zan ɗora wa bawan Allah laifi ba. Kawai dai na ɗauka irin maganar nan ce da masu kaya suke yi don su nuna sun san sana'arsu.

Matsalar ita ce ƙofar sitonmu ta ɓalle tun damina, awakin maƙwabta suna shiga yadda suka ga dama. Kafinta ya faɗi kuɗin gyara, na ce sai ƙarshen wata. To kafin ƙarshen watan ina zan kai wake? Da safiyar ranar, bayan maigidana ya tafi aiki, na cusa ƙwayoyin, har na ƙara a kan yadda aka ce, don a lissafina in ɗaya tana kashe ƙwaro, biyu ai sun fi. Na ja buhunan zuwa lungun ɗakin yara, na rufa musu tsohon zane. Ban gaya wa kowa ba.

Bayan azahar manyan biyu suka fita wasa, tunda Alhamis ce babu Islamiyya. Ƙananan biyu, yarinya 'yar shekara biyar da autana ɗan shekara uku, suka ci abinci suka ɓingire da barci a ɗakinsu. Na rufe taga, na ja ƙofa saboda ƙudaje, na koma tsakar gida na hau wanki. Ina ɗan jin wani wari-wari, na ce kwatar bayan gida ce.

Na yi nisa da wankin sai na ji sallama. Surukata ce daga Nguru, ba aike ba waya, da kwalin bandar kifi a ka. Allah Ya yafe mini, ina yi mata sannu da zuwa amma zuciyata tana kan kazar da dole a yanka mata. Na shimfiɗa tabarma, na kawo ruwa. Ko zama ba ta gama yi ba ta fara waige-waige.

"Ina ɗan mijin nawa? Ko ya ji na zo ne ya ɓuya don kada in tambaye shi kuɗin cefane?" Haka take kiran autan, wasan kaka da jika.

Na ce, "Barci suke, Inna. Ki huta tukuna, in an tashe shi yanzu rigima zai yi ta yi."

Ta ce, "'Yar nan, na taso tun daga Nguru don in ga mijina, ki ce in huta? Leƙawa kawai zan yi."

Raina bai so ba, amma wa ya isa ya hana ta? Ta tura ƙofar. Ina kallonta ta tsaya cak, ta ja hanci sau ɗaya. Marigayi mijinta fataucin hatsi ya yi har ya bar duniya, ta san warin nan kamar yadda ta san warin hayaƙin murhunta. Sai na ji ta saki salati, ta juya harshe zuwa Barbarci, abin da ba ta yi sai hankalinta ya tashi. Ta faɗa ɗakin ta sungumo yaron, ta daka mini tsawa in ɗauko yarinyar.

Da na shiga ne warin ya buge ni sosai, kamar tafarnuwa ta haɗu da ruɓaɓɓen kifi. Na ɗago yarinyar, ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Umma, kaina." Shi kuwa autan muna fitowa ya fara amai, jikinsa ya saki, wuyansa ya langaɓe a kafaɗar kakarsa. Na kira sunansa, na girgiza shi, kallona kawai yake yana numfashi sama-sama. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

"Maganin ƙwari kika sa a ɗakin?" Inna ta tambaye ni.

Na gyaɗa kai. Na ruga na ɗauko kwalbar manja, don mun taso muna jin ana ɗura wa wanda ya sha guba. Ta buge hannuna.

"Ba sha suka yi ba, shaƙa suka yi. Ajiye wannan, nemo mana abin hawa."

Ko mayafi ban ɗauka ba, zanen wanki na yafa, ƙafa ba takalmi na tare adaidaita a bakin titi. Ni da nake iya ɓata rabin sa'a ina ciniki da direba, ranar ban tambayi kuɗi ba. A hanya ina rungume da yaron ina jin bugun ƙirjinsa a tafin hannuna, ina ta roƙon Allah Ya ɗora mini, Ya bar su.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta karɓe su, ta tambayi abin da ya faru. Nan ne na ji kunyar da ban taɓa ji ba, don dole na buɗe baki a gaban mutane na ce ni ce, da hannuna. Ba ta zage ni ba, ta dai dube ni, ta tambayi tsawon lokacin da suka yi a ɗakin. Aka sa musu abin taimakon numfashi, aka ɗaura wa yaron ruwa. Maigidana ya iso da alli a hannun rigarsa. Na ɗauka zai rufe ni da faɗa, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya zauna a gefena a benci.

Wajen la'asar sakaliya likita ya fito ya ce an kawo su da wuri, in Allah Ya so za su tashi, amma zai riƙe su kwana biyu ya ga yadda jikinsu zai yi. Ya ce da a ɗakin suka kwana, su huɗu, da labarin ya sha bamban. Ai kuwa ban san lokacin da na zame daga bencin na zauna a ƙasa ba. Kukan da na riƙe tun daga gida ya ɓalle. Can muka shiga, autan ya buɗe ido ya ga kakarsa, ya miƙa mata hannu. Ta ce, "Ka ga rago, daga ganin matarsa sai ya kwanta ciwo." Tana dariya, hawaye na bin kumatunta.

Sai a hanyar gida maigidana ya yi magana. Ya ce, "Nawa kafintan ya ce?" Na faɗa masa. Washegari ya kira shi ya gyara ƙofar siton.

Shi da maƙwabta suka fitar da buhunan fili, aka binne tsummokaran, ɗakin ya yi mako a buɗe ba mai kwana. Inna ta ƙara kwanaki a wurinmu, ba ta taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya. Ita ta koya mini in shanya wake ya bushe ƙarau, in ɗura a jarka mai tsabta har baki, in sa leda in murɗe murfin. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska, kuma ba a sa komai. Haka nake yi har yau.

Ban daina tattali ba, kuma ba zan daina ba, don da shi muka yi rainon yaran nan har suka zama mutane. Amma na gane akwai tattali, akwai kuma ganganci, garin neman gira a rasa ido. Tun daga ranar, in zan rage kashe kuɗi a kan wani abu, sai na tsaya na tambayi kaina wa zai ɗauki nauyin ragin. In cikina ne ko kwalliyata, bismilla. In lafiyar yaro ce, ko nawa ne zan biya. Waken nan domin su na saye shi, kuma saura ƙiris in wayi gari da buhu biyu cif, babu mai ci.