Matuƙiyar da Baba Ya Bari a Sama

Babana bai taɓa hawa jirgin sama ba, amma a littattafansa babu tauraron da bai kai mutane ba. A unguwa ana ce masa Mai Taurari, rabi yabo rabi tsiya. Aikin da ya ciyar da mu kuwa a tashar jirgin ƙasa yake, cikin wani ɗaki marar taga inda ake tara kayan da matafiya suka manta: lema, tabarau, warin takalmi, har haƙoran roba. Daga nan yake kwaso labarai. Warin takalmi ne ya zama littafinsa na farko, labarin wata duniya da mutanenta ke da ƙafa ɗai-ɗai, suna kuma tausaya wa masu biyu. Wata karyayyar lema ta haifi Masu Sayar da Inuwa, labarin gari mai rana biyu inda talaka ke hayar inuwar attajiri.

Sai dai Baba bai taɓa rubuta layi ɗaya da hannunsa ba. Da ya riƙe biro sai kansa ya bushe ƙaf. Mama ce, wadda ta yi aikin buga takardu a ofis kafin ta haife ni, take zama gaban tafireta tana fuskantar bango, shi kuma yana kai da komo a bayanta yana zubo zance. Sharaɗinsu ɗaya ne: ba ta juyowa. Ya ce in ya ga fuskar mutum kunya yake ji, sai ƙaryar ta maƙale masa a wuya.

"To, Sakatariya, buga," haka yake farawa.

"Ina jin ka, Sarkin Ƙarya."

In labari ya kauce hanya, sai ka ji tafireta ta yi tsit. "Wannan kam ko jinjiri ba zai yarda ba," in ji ta, idonta na kan bango. Ya yi ta mita, daga baya ya gyara.

Wadda ta fito da sunansa ita ce Matuƙiya, wata mace mai bakin tsiya da ke jigilar ruwa tsakanin duniyoyi a tsohon jirginta. Kowa a gidanmu ya san bakin wa aka ara mata. Littafi bayan littafi tana shiga uku tana fita. A na ƙarshen da aka buga, injin jirginta ya mutu nesa da gida, iskar shaƙarta tana ƙarewa, aka bar sauran sai littafi na gaba. Kafin a fara na gaban, ciwo ya kwantar da Mama, kuma ba ta tashi ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai buga littattafansa ya turo masa ƙwararren mai tafireta, ya turo rakoda, duk a banza. Ni ma na zauna masa, ya ce ina da yawan motsi, ƙeyata ma ba ta iya sauraro ba. Mutane kuma ba su da ta-ido. A kasuwa, a layin asibiti, sai wani ya tare shi: "Malam, yaushe za ka sauko mana da Matuƙiya?" Raina ya riƙa ɓaci. Mutum ya binne matarsa, ku kuna tambayar matar takarda. Shi dai sai ya yi murmushi ya ce tana hanya.

Shekaru suka ja, ya bar aiki, sannan mantuwa ta shigo. Da makulli ta fara, ta koma sunayen maƙwabta, ta zo kan nawa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana adana abin da wasu suka manta, nasa ya zube babu mai tsinta masa. Na dawo da shi gidana. Da hantsi nakan karanta masa littattafansa, yana saurare kamar bai taɓa jin su ba. Yakan yi dariya har da tari, ya ce, "Wannan marubucin ɗan duniya ne."

Ranar da muka kai ƙarshen littafin Matuƙiya, na rufe, ya ce in ci gaba.

"Ya ƙare, Baba."

"Ya ƙare kamar yaya? Iskarta fa ta kusa ƙarewa."

"Marubucin bai rubuta sauran ba."

Ya daɗe yana kallon bangon littafin, inda sunansa yake ɓaro-ɓaro. "Ba shi da imani," ya ce. "Ka bar 'yar mutane a sama ita kaɗai? Ki nemo shi, ki roƙe shi ya dawo da ita gida."

Komai yana mantawa, ban da wannan. Da safe kafin ya sha magani sai ya tambaya ko an samo marubucin. Abinci ma ya rage ci. Ni kuwa zuciyata kamar ta fashe, don mutumin da ake nema yana zaune gabana, yana tsufa da sauri.

Wata rana na sauko da tafiretar Mama daga kan kabad, na goge ta, na sa takarda. Na zauna ina fuskantar bango, na ce, "Baba, da kai ne marubucin, yaya za ka dawo da ita?"

Can na ji kujera ta motsa, na ji takun silifas a bayana, ya je ya dawo.

"To, Sakatariya, buga."

Na fara bugawa. Muryarsa ta dawo garau. Matuƙiya ta buɗe bakin tankin ruwan da ta ɗauko, ruwan ya yi feshi ta baya, ya tura jirgin gaba. Ta yi hasarar kayan mutane kaf, tana zagin injin tana dariya. Ta sauka a bayan gari, ta tako da ƙafa har layinsu, ta wuce shagon mai gyaran keke, ta tsaya a ƙofar gida, ta ƙwanƙwasa.

Takun ya tsaya.

"Yau kin yi shiru," ya ce. "Ko sau ɗaya ba ki ce na yi ƙarya ba. Juyo mana in gan ki."

Duk zamansu da Mama bai taɓa roƙon wannan ba. Na so in ƙi, amma uba ne ya yi magana. Na juya.

Ya dube ni da ladabin da ake yi wa baƙo. "Yi haƙuri, baiwar Allah. Matar da ke zaune a nan fa?"

"Ta fita, Baba."

"To, mu jira ta," ya ce, ya koma kujerarsa. "Ita ta san wanda zai buɗe ƙofar."

Na sake gwadawa washegari, da ranakun da suka biyo, bai ƙara tashi daga kujerar ba. Bai kai ƙarshen shekarar ba. Mai buga littattafai ya ce in ƙarasa da kaina, layi kaɗan ne ya rage. Na ce masa a'a. Takardar tana nan cikin tafireta yadda muka bar ta, Matuƙiya tana tsaye a bakin ƙofa, kuma babu kowa a gidan.