Na Mayar Da Taron Jami'ar Ƙanwata Gidan Biki

Edita, ina gaisuwa. A bar sunana, waɗanda suka halarci taron za su gane ni ko ba suna.

A lokacin ina aiki a kicin ɗin wani gidan abinci a unguwar Tottenham ta birnin London, muna zaune da mahaifiyarmu da ƙanwata a flat ɗin council, wato gidan haya na hukuma. Ni a sakandare na tsaya, a Kaduna na gama kafin mu taho, kuma ban taɓa ɓoye cewa karatu ba abina ba ne. Ƙanwata ce 'yar boko, ita ta shiga jami'a. Halina kowa ya sani, ba na son jan magana, in na ga abu yana tafiyar hawainiya sai in karɓe in yi da kaina. Ba a biki ko suna a unguwa ba a kira ni ba, shi ya sa nake ganin babu mai koya mini taro.

A shekararta ta biyu aka zaɓe ta shugabar ƙungiyar ɗaliban Arewa ta makarantarsu. Jami'ar tana da wani tallafi da take ba ƙungiyoyi don su shirya taron da zai haɗa ɗalibai na ƙasashe da addinai daban-daban su san juna. Ta sha wuya kafin a ba su, don an taɓa hana waɗanda suka gabace ta. Ta roƙe ni in yi musu masa da miyar taushe da zoɓo. Ta zaunar da ni ta ce taron na ɗalibai ne, kowa sai ya yi booking, wato ya sa sunansa tun kafin ranar, ɗakin yana da iyakar mutanen da aka yarda su shiga saboda gobara, kuma wata mata daga ofishin da ya ba da tallafin za ta zo ta gani da idonta. Na ce Auta ki daina yi mini lacca, tun kina goye nake raba abinci a taro.

Da ranar ta matso na tambaye ta su wa suka yi booking. Ta ce yawanci ba mutanenmu ba ne, akwai 'yan Indiya da 'yan China da Turawa da 'yan zango na Ghana masu jin Hausa. Raina ya ba ni waɗannan ba zuwa za su yi ba, in ma sun zo me suka sani game da masa? Na hango ta tsaye gaban kujeru wayam. Ban gaya mata ba na tura sanarwar a group ɗin matan unguwa, na ce 'yarku ke taro, a zo a fitar da ita kunya. Na kuma sa musu lokacin da bai kai na ainihi ba, kamar yadda muke yi wa mutanenmu don kada su makara. Ranar kuwa ba wadda ta makara, wai makarantar Turawa ce ba a wasa da lokaci.

Daga Dagenham aka zo, daga Lewisham aka zo, da yara da kekunan jarirai, an sha ɗauri. Ɗalibai suna aji ba su fito ba, ƙanwata kuma ta tafi tashar jirgin ƙasa tarar wani baƙonsu. Na ture ɗalibar da aka sa duba booking na tsaya a ƙofa da kaina, don ban ga yadda za a ce wa sa'ar uwata babu sunanta ba. A gaba kusa da dandamali na ga an bar wani fili babu kujera ko ɗaya. Na ce wane irin shiri ne wannan, wurin da ya fi ko'ina kyau a bar shi haka? Na jawo kujeru na zaunar da gwaggonmu da ƙawayenta, tunda gaba na manya ne. Su na fara zuba wa abinci, na kuma ɗaure musu na kai wa gida kamar yadda aka saba.

Da ɗalibai suka fito, mai gadi ya leƙa ya ce ɗaki ya cika, ya rufe ƙofa. Masu booking suka yi cirko-cirko a waje suna nuna wayoyinsu. A cikinsu akwai wata yarinya 'yar zango a kan keken guragu, ƙawar ƙanwata, tare suka nemo tallafin, ita ce ma za ta buɗe taron. Filin da na cike nata ne.

Ƙanwata ta dawo ta gani, ta durƙusa gaban gwaggo ta roƙe ta su ɗan koma baya, wasu kuma su fito su ba ɗalibai wuri. Gwaggo ta ce ita tun da take ba a taɓa tashinta daga kujera ba, ba kuma za a fara daga kan yarinyar da ta yi wa wankan jarirai ba. Maimakon in gyara sai na ƙara, na ce wa ƙanwata a gaban jama'a boko ya sa ta raina manya. Matar ofishin tana tsaye a gefe, ta tambaya a hankali ko waɗannan duk ɗalibai ne. Yarinyar nan mai keken guragu ta jira a waje har ta gaji, da ƙanwata ta fita ba ta haƙuri sai yarinyar ta ce da Hausarsu ta zango ba komai, ai ta saba. Ta juya kekenta ta tafi.

Daga baya ofishin ya sanar da su taron bai yi abin da aka ba da tallafin dominsa ba, shekarar da ta biyo baya kuma ba a ba ƙungiyar ba. Ƙanwata ta sauka daga shugabancin, ta ɗauki laifin duka, ba ta ambaci sunana ba. A gida ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta dai daina gaya mini abin da take ciki. Su gwaggo kuwa har yau yabon taron suke, wai ba su taɓa cin masa irin ta ranar ba.

Da ta gama jami'a tikiti biyu aka ba ta na bikin yaye ɗalibai. Ta ba mahaifiyarmu ɗaya, ɗayan ta ba ƙawar tata. Ni a kicin na kalla ta waya, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da na koya shi ne, ni ina ganin a taro ba na ware kowa, ashe waɗanda na sani kawai nake gani. 'Yan uwana masu ƙanne da 'ya'ya a jami'o'in nan, in sun ce ku taimaka, ku yi abin da aka sa ku ku tsaya a nan, ba kowane taro ne gayyarmu ba. In kuma kin shiga wuri kin ga an bar fili babu kujera, ki tambayi na waye kafin ki jawo taki.