Ni Kaɗai

Mai ɗinkin da ke ƙasan bene ta iya kafa hannun riga ido rufe, ta iya gane faɗin ƙugun mace tun daga bakin ƙofa ba tare da awo ba. Abin da ba ta iya ba shi ne ba da haƙuri. A wuya yake maƙale mata kamar ƙayar kifi.

Shekarun baya, a kan keken ɗinkin mahaifiyarsu, ta kira ƙanwarta ɓarauniya a gaban dangi. Tun ranar ƙanwar ta daina ɗaga wayarta.

Da mijin mai ɗinkin ya rasu, ɗaki ya yi mata faɗi, bakin nan mai kaifi ya mutu. Ta ji an ce ƙanwar ba ta rabo da dandalin sada zumunta, sai ita ma ta buɗe shafi. Waya ta jero mata zaɓi uku: "Kowa", "Abokai", "Ni kaɗai". Tabaraunta yana can kan teburin yanka, ba ta ga ƙananan rubutun da ke sama ba. Ta ɗauka tambayarta ake yi da wa take zaune. Ba ta saba ƙarya ba, ta danna na ukun.

Sannan ta rubuta: "A gaban mutane na ci mutuncinki, a gaban mutane nake roƙonki. Auta, ki yafe wa Yaya."

Ta ajiye wayar kusa da gwangwanin zare. Ko ƙara kaɗan wayar ta yi sai ta ɗage ƙafa daga keke. Shiru. Hatta dangin nan masu tsoma baki a komai ba wanda ya tanka. Abin ya ci ranta sosai, daga baya zuciya ta ɗebe ta, ta ce ai ta yi nata.

Ana nan, ƙanwar ta rasu. A wurin gaisuwa, babbar 'yar marigayiyar ta zauna kusa da ita.

"Inna, Umma ta yi ta jiranki."

"Na roƙe ta, duniya ta gani. Ita ce ta ƙi."

Ta miƙa wayar. 'Yar ta karanta, sannan ta nuna mata wani ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa a gefen rubutun.

"A kulle yake, Inna. Ba wanda ya gani sai ke. A asibiti kullum sai ta sa na duba mata shafinki, mu tarar wayam. Sai ta ce, Yaya har yanzu tana fushi."

Mai ɗinki ta lalubo tabarau, ta karanta tambayar da ke sama: "Wa zai iya ganin wannan?"

"In buɗe shi, Inna?"

"Bar shi haka," ta ce. "Yanzu ne ma 'Ni kaɗai' ɗin ya zama gaskiya."